Kejin Rufus Mai Faci

Duk wanda ya bi hanyar Wurno zuwa Goronyo a shekarun da noman rani ya kankama ya san Rufus mai faci, in ma bai san sunansa ba ya san kejinsa. Wani ƙaton abu ne na ƙarfe, an haɗa shi da bututu masu kaurin damtse, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum, bakinsa ɗaya a buɗe. Yana nan girke gefen rumfa, rana ta doke shi, ruwa ya doke shi. Direbobi suna ce masa gidan kura. In sun tsaya sai su leƙa ciki su ce, "Rufus, yau ma ba a kama ta ba?" Shi kuwa sai ya juyo musu da kunnen dama, don na hagu ya daɗe da mutuwa, ya ce, "Me ka ce?" da ƙarfi kamar mai kiran wani a tsallaken gulbi. Haka yake magana kullum, kuma bai san yana yi ba.

Mutumin Zonkwa ne. Ya zo da ƙuruciyarsa lokacin da ake gina dam, cikin waɗanda suka biyo labarin aiki. Bai samu shiga babban kamfani ba, sai wani ɗan kwangila mai jigilar dutse da tsakuwa ya ɗauke shi yana gyara masa tayoyin tifa. Tayar babbar mota ta wancan zamani ba irin ta ƙaramar mota ba ce. Ƙarfenta yana da zobe da ake cirewa a sa taya, a mayar da shi cikin gurbinsa, sannan a ba ta iska. Iskar ce ke danne zoben ya zauna. In ya zauna, shi ke nan. In kuwa bai shiga gurbin da kyau ba, ko tsatsa ta ci bakinsa, iskar nan za ta harbo shi, kuma ba ruwansa da wanda ke tsaye.

Wata rana shi da abokin aikinsa Yusha'u, mutumin Kwargaba, suna haɗa tayar wata tifa. Yusha'u ya tsuguna a kanta riƙe da tiyon iska, yana bubbuga zoben da guduma yadda kowa ke yi. Rufus ya juya zai ɗauko ruwan sabulu. Ƙarar da ta biyo baya ita ce ta ƙarshe da kunnensa na hagu ya ji a duniya. Zoben ya huda kwanon rumfa ya fita, sai can bayan tarin tsakuwa aka tsince shi. Yusha'u kuwa ba a kai shi asibiti ba, gawarsa aka kai gida. Bayan nan ne ɗan kwangilar ya sa aka yi waldar keji, aka ce daga yau kowace taya mai zobe a cikinsa za a ba ta iska, mai tiyo kuma ya tsaya daga gefe. Da aiki ya ƙare motoci suka watse, ba wanda ya so ɗaukar wannan jibgegen ƙarfe. Rufus ya ce a bar masa.

Waɗanda suka zo tare da shi suka koma gida, ko suka bi wani aikin. Shi ya tsaya. Ruwa ya fara isa gonaki da rani, albasa da shinkafa da tafarnuwa suka yi yawa, motocin ɗaukarsu suka yi yawa, hanya kuma ta yi ta cin tayoyi. Ya je gida ya auro Theresa, ta samu aikin taimakon jinya a ƙaramin asibiti, suka haifi 'yarsu Christy. Abin da ya rage shi ne wurin kafa rumfa, shi ma wani manomin albasa da ake kira Mainasara ya ba shi. Gidan Mainasara na bakin titi, da ƙaton dogon yaro a ƙofarsa. Ya nuna wa Rufus inuwar ya ce, "Baƙo, zauna nan. Ai inuwa ba a cinye ta."

Aikinsa kam ba a yi masa gardama. Direban tasi zai zo yana cewa sitiyari na kakkarwa a hannunsa in ya taka mota. Rufus sai ya cire tayar ya fara kankare busasshiyar lakar fadama da ta maƙale a cikin ƙarfen, ya zaƙulo tsakuwar da ta shige tsakanin haƙoran taya. Sannan ya rataye ta a wani gindi da ya haɗa da tsohon ƙarfen mota, ya juya ta, ya koma gefe ya naɗe hannu. Inda ta fi nauyi nan ke saukowa ƙasa. Ya sa alli ya yi alama, ya maƙala 'yar darma a ɗaya gefen, ya sake juyawa. Ba ya sakinta sai ta yarda ta tsaya duk inda aka tsayar da ita. Direba na iya yin tsaki har bakinsa ya gaji, Rufus zai juya masa kunnen hagu ne kawai. Tayar babbar mota kuwa, ko ta wane ce, ko gobara ake yi a gidan mai ita, sai ta shiga keji. A tasha akwai wani mai faci, Mode, wanda ke sa mai mota ya taka zoben da ƙafa shi yana ba da iska. Mutane da yawa sun fi son Mode don ba ya ɓata lokaci, kuma gaskiya ba a taɓa jin wani abu ya faru a wurinsa ba.

To, amma ba aikin ba ne ya riƙe Rufus a Goronyo. Tabarma ce.

A unguwar nan, in an yi sallar magariba, magidanta kan fito da kwanoninsu ƙofar gidan Mainasara a shimfiɗa tabarma a yi ciyayya. A buɗe na wannan a cinye, a jawo na wancan. Rufus ya daɗe yana kallonsu daga rumfarsa, yana cin nasa shi kaɗai da baya a juye. Ran nan Mainasara ya ɗaga murya ya ce, "Baƙo, mi muka yi maka? Ɗauko kwanonka ka taho." Ya ɗauko. Faten acca ne Theresa ta yi. Aka buɗe, aka dubi juna, sai Lawwali mai tafarnuwa ya yi bisimilla ya sa hannu, sauran suka bi, har aka suɗe kwanon. Rufus ya koma gida ya miƙa wa Theresa kwanon wayam. Tun daga ranar yake da wurinsa, gefen hagun Mainasara, yadda kunnensa mai ji zai fuskanci maigidan. Nama kuwa wurin mahaucin unguwa kaɗai Theresa ke saye, don kada zuciyar kowa ta yi ɗar. Da Sallah cinyar rago ke zuwa gidansu, da Kirsimeti shinkafarsu ke shiga gidaje. Sannu a hankali aka daina ce masa Baƙo. Wannan wurin zama na gefen tabarma, wanda bai fi faɗin buhu ba, ya fi masa rumfar da injin iskar da duk abin da ya mallaka.

Akwai kuma wata al'ada ta unguwar da ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya koya masa, amma ya gane ta. Komai aronsa ake yi: turmi, tsani, jaki, injin ban-ruwa. In an roƙe ka ba ka hanawa. In ka bayar kuma ba ka bin sawu, sai mai aro ya ga dama ya maido. Wanda ya je ya karɓo kayansa tun ba a gama da su ba, kamar ya tsaya a kasuwa ne ya ce wane ba shi da amana. Rufus ya ba da guduma, ya ba da jak, ya ba da fitila, waɗansu ma ba su dawo ba bai bi sawu ba. Keji dai ba wanda ya taɓa tambaya. Wa zai yi me da shi?

Ana nan sai matar Zayyanu, babban ɗan Mainasara, ta haifi namiji. Jikan fari ke nan. Mainasara ya daɗe yana kiwon wani rago don wannan rana, fari tas, ƙato kamar ɗan maraƙi, ƙaho ya murɗe har ya sake murɗewa. Mutane daga wata unguwa suke zuwa kallonsa. Sai dai ragon ɗan banza ne na gaske. Ana cikin cin tuwo Mainasara ya goge hannu ya ce, "Rufus, aro nika nema."

"Na me, Maigida?"

"Gidan kuran nan naka. Wanga rago ya ishe mu. Babu igiyar da bai tsinke ba. Jiya ya kai ma ɗiyata Fatsuma karo, da ƙyar ta sha. Ga baƙi na tahe da ƙananan ɗiya. Ka ba mu mu sa shi ciki har a yi suna."

Aka kwashe da dariya, Lawwali ya ce ashe dai yau an kama kurar. Rufus ya tsaya da loma a hannu. Mutumin nan ya ba shi inuwa, ya ba shi wuri a tabarma, bai taɓa roƙonsa ko allura ba, yau kuma ya roƙa a gaban mutane. Ya ce a ransa, 'yan kwanaki ne, in tayar babbar mota ta zo sai ta jira. Ya ce, "Ɗauka, Maigida." Washegari samari suka ciccibi kejin suka kai shi filin da ke bayan zaure, aka tura ragon ciki, aka toshe bakin da tsohuwar ƙofa. Ya zauna daram, kamar don shi aka yi.

Kwanakin farko ba abin da ya faru. Wata tirela ta zo, Rufus ya ce ba ya aikin manyan taya sai bayan suna, direban ya zage shi ya wuce. Sai ranar jajibirin suna, da la'asar, ga Zayyanu da kansa yana garo taya. Direban babbar motar nan roka ne, an riga an cika masa mota da albasar mutane, yana so ya kai Sakkwato ya sauke ya juyo kafin a raɗa wa ɗansa suna da safe. Tayar baya ta sace tun bai bar gari ba, safayar ma ba ta da rai.

Rufus ya cire zoben, ya zaro tif ya yi masa faci, ya mayar. Da ya zo mayar da zoben ya ga ba na wannan ƙarfen ba ne, na wata motar ne aka haɗa, ga tsatsa a bakinsa. Ya kankare, ya shafa sabulu, ya buga shi ya shiga. A ido dai ya zauna. Ya miƙe ya dubi inda kejin yake zama, ba komai sai shatinsa a ƙasa.

"Baba Rufus, ba ta iska mana, rana na tahiya."

"Ba keji."

"Keji na wurin rago. Ba ni tiyon, ni in taka zoben. Haka muka yi ko'ina."

"Ba za ka taka ba."

Zayyanu ya yi dariya, ba da raini ba, don a gaban Rufus ya girma. Ya ce, "To shi ke nan, Baba, bari in gara ta wurin Mode." Ya sunkuya zai tayar da ita.

Nan fa Rufus ya ga abin da zai faru kamar an zana masa: Mode da tiyo, Zayyanu tsaye a kan zoben nan mai tsatsa, gobe kuma suna. Ya ture hannun yaron, ya sa liba ya ɓalle zoben, ya rataya shi a kafaɗa. Taya ba zobe ba ta zuwa ko'ina. Ya ce, "Jira ni nan," ya nufi zaure.

Zauren cike yake. Surukan Mainasara sun iso daga Gandi da manyan riguna, ana shan fura. Sai ga Rufus da baƙin mai har gwiwar hannu, da zoben ƙarfe a kafaɗa kamar mai tallar kaya. Ya yi sallama, ya tsuguna kusa da Mainasara, ya kai baki kunnensa. A zatonsa raɗa yake yi. Kai, kurma da raɗa! Har matan da ke cikin gida sai da suka ji.

"Maigida, ina son kejina yanzu."

Ludayi ya tsaya a hannun kowa. Mainasara ya yi murmushi irin na mai neman rufa asiri, ya ce a hankali, "Gobe da sahe za a yanka shi, Rufus. Kwana ɗai ya rage."

Rufus bai ji sosai ba. Ya ƙara ɗaga murya. "Ba zai kai gobe ba. Tayar Zayyanu ce. Yanzu nake so."

Wani tsoho daga cikin baƙin ya dubi na kusa da shi ya ce, "Ashe kejin na aro na." Ba da mugunta ya faɗa ba, amma ya faɗa. Fuskar Mainasara ta sauya. Bai yi faɗa ba, shi ba mai faɗa ba ne. Ya kira samarin gidan ya ce, ba tare da ya dubi Rufus ba, "Ku hidda ragon, ku ba baƙon nan kayanai."

Rago ya shiga da kai, dole da baya zai fito. Samari suka cire ƙofar, suka kama shi suna ja, shi kuwa ya turje. Ƙafarsa ta baya ta zurma tsakanin ƙarafan ƙasan kejin, ya yi wani wawan tsalle. Aka ji ƙas. Ko Rufus da kunne ɗaya ya ji. Ragon ya fito da ƙafa tana lilo, kuma kowa a wurin ya san gurgun rago ba ya yin suna.

Aka kawo kejin gindin dogon yaro. Rufus ya mayar da zoben, ya gara tayar ciki, ya maƙala tiyo, ya kori mutanen da suka taru su ja baya, shi ma ya koma gefe ya kunna inji. Mutane suka zuba ido, waɗansu sun toshe kunne, don bayan wannan abin da aka yi ai dole a ga wani abu. Tayar ta kumbura a hankali. Zoben ya zauna lafiya lau, ko motsi bai yi ba. Rufus ya kashe inji, ya auna iskar, ya garo tayar waje. Wani ya ce, "Shi ke nan?" Wani ya yi tsaki. Zayyanu ya ɗaura tayarsa, ya kai albasa Sakkwato ya dawo a kan lokaci.

Ragon kuwa a yammacin nan aka yanka shi don kada ya wahala, namansa ya tafi a miyar baƙi. Da safe wani ɗan rago na Lawwali, wanda ƙahonsa bai gama fitowa ba, shi aka kayar aka raɗa wa yaro Abdulƙadiri, mutanen Gandi suna kallo. Har rana ta faɗi naman suna bai iso gidan Rufus ba. Da magariba ya ɗauki kwanonsa kamar kullum. Ba tabarma a ƙofar gida. An shimfiɗa ta cikin zaure, an jawo ƙofa, yana jin ƙarar murfin kwano daga ciki. Ba wanda ya ce kada ya shiga, ba kuma wanda ya ce ya shigo. Ya daɗe tsaye har tuwon ya huce a hannunsa, sannan ya juya.

Theresa ba ta raga masa ba. "Baban Christy, kai wane irin mutum ne? Ba sarƙa a garin nan da za ka naɗe tayar? Ba ka iya tura ta ƙarƙashin motar ka ba ta iska ba? Sai ka je ka tsinka dattijo a gaban surukansa?" Gaskiyarta, akwai waɗannan dabarun, masu faci da yawa suna yi. Amma Rufus sarƙa bai yarda da ita ba, ƙarƙashin mota bai yarda da shi ba, abu ɗaya ya sani tun ranar Yusha'u, kuma kansa ba ya ɗaukar biyu. Ya ce mata, "Na ji," ya kwanta ya danne kunnen dama da matashi.

Ya je ba da haƙuri, Mainasara ya ce ba komai, ai kayanka ne. Wannan "ba komai" ta fi zagi ciwo. Bayan 'yan makonni Lawwali ya zo yana sosa ƙeya, ya ce maigida na son gindin bishiyar zai yi rumfar ajiye albasa. Rufus ya kwashe kayansa ya koma bakin gari, hanyar Wurno, inda ba inuwa sai ta kwanon da ya kafa. Rumfar albasar ba a taɓa yin ta ba.

Shekaru suka yi ta wucewa. In sun haɗu a hanya Mainasara kan ɗaga hannu, Rufus ya ɗaga, iyakarta ke nan. Christy ta yi aure ta tafi Kaduna, ta yi ta roƙon iyayenta su dawo kusa, musamman da hanyoyin Rabah suka fara lalacewa da 'yan bindiga. Rufus ya ce yana zuwa, bai zo ba. Tayoyi marasa zobe suka shigo, aikin keji ya ragu, har kaji suka fara kwana a cikinsa. A duk zamansa na Goronyo zobe bai taɓa tashi a cikin kejin nan ba, ko sau ɗaya. A wurin Mode ma bai taɓa tashi ba, har Mode ya tsufa ya bar sana'ar da ƙafafunsa biyu. Mutane sun lura da wannan, kuma sukan faɗa.

Ran nan da rana sai ga Zayyanu a kan babur, ya yi tumbi, furfura ta fara masa a gemu. Ya ce, "Baba Rufus, tsoho ba shi da lahiya ƙwarai. Shi ya ce in kira ka, ka taho bayan magariba."

Bayan magariba! Theresa ta ji, ta fito da babbar rigarsa ta zuwa coci ta goge, ta yi faten acca, ta zuba a kwanon da ya fi kyau. Rufus ya ce ba a ce ya zo da kwano ba. Ta ce ya dai riƙe. Ya riƙe har ƙofar gidan, sannan kunya ta kama shi ya ajiye shi gindin dogon yaro.

An kwantar da Mainasara a zaure a kan tabarma, an tokare shi da matasai, ya rame har zoben azurfarsa na yawo a yatsa. Lawwali na nan da sauran tsofaffin da suka rage. Gefen hagun maigidan ba kowa. Rufus ya gani, amma ya tsuguna daga bakin ƙofa. Aka gaisa, aka yi ya jiki. Sai Mainasara ya ce, "Matso, ka san ba ka ji." Ya matso.

"Rufus, tambaya ɗai ta. Ta daɗe tana cina. Ranan nan, da ba ka ɗauke kejin ba, da Zayyanu ya taka zoben nan, da ya tashi?"

Kowa a zauren ya gane abin da tsohon ke nema. Yana so a ce masa ragonsa da mutuncinsa ba a banza suka tafi ba, ran ɗansa suka saya, don ya samu hanyar yafewa kafin ya tafi. Kalma ɗaya ce. Lawwali har gyaɗa wa Rufus kai yake yi a ɓoye, yana nuna masa wurin nan na hagu da ido. Rufus ma ya gane, ba wawa ba ne. Yana son wurin nan har cikin ƙashinsa, ya yi shekaru yana mafarkinsa. Ya buɗe baki, sai ga muryar nan tasa ta cika zaure.

"Ban sani ba, Maigida. Zoben ya zauna daidai, ko motsi bai yi ba. Mai yiwuwa da ba abin da zai faru."

Lawwali ya runtse ido. Mainasara ya daɗe yana kallonsa.

"To don mi ka yi mani haka?"

"Don ban sani ba."

Tsohon ya juya fuskarsa wajen bango. Can ya ce, da 'yar muryar da sai da Lawwali ya maimaita wa Rufus, "To. Na gode da zuwa. Ka gai da gida."

Rufus ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Yana fitowa ya ci karo da Zayyanu ya zagayo daga cikin gida da kwanonin tuwo, ɗaya bisa ɗaya, yana tafe yana ƙwala wa Abdulƙadiri kira ya kawo ruwan wanke hannu. Ya ce, "A'a, Baba Rufus, har ka hito? Sai da sahe ke nan," ya raɓa shi ya shige, hankalinsa na kan kada miya ta zube. Rufus ya tsaya ya bi shi da kallo, ƙafafu biyu, hannuwa biyu, kai a kan wuya, har ƙofa ta rufe. Baƙin ciki ya cika masa ciki, irin wanda bai ji ba tun ranar da ya tsaya nan da tuwo yana hucewa. Ya laluba zuciyarsa ko zai sami nadama a ciki, bai samu ba.

Ya sunkuya gindin dogon yaro ya ɗauki kwanonsa. Da sauran ɗuminsa. Ya kama hanyar bakin gari yana tunanin abin da zai ce wa Theresa.